Zumunci a Ƙafa Yake, To In An Ɗaure Ƙafar Fa?

Shekara 22 ke nan ina sayar da kayan yaji a kasuwar Nima, kuma duk wanda ya san sana'ar ya san hanci ne rabin jari. In an sauke buhun citta ba sai an farke min shi ba. Da na sunkuya na shaƙa na san ko ta bana ce ko ta bara, ko ta sha ruwa a hanya. Kanumfari, masoro, kimba, daddawar da ake kawo mana daga arewa, duk da hanci nake cinikinsu. To, wata safiya a farkon watan Mayun 2020, ana cikin azumi, na buɗe rumfa na ɗaga murfin kwanon daddawa, ban ji komai ba. Na kai ta har bakin hanci, shiru. Daddawa fa, wadda in an buɗe ta a farkon layi na ƙarshen layi ya san an buɗe. Na ce wa yarona, "Kai, wannan kayan ya mutu." Ya dube ni ya ce, "Alhaji, ni kuwa har ta hau min kai."

A nan gabana ya faɗi, don mun riga mun ji a rediyo cewa ɗaukewar jin ƙanshi tana cikin alamomin korona.

Waɗanda ke Gana a lokacin ba sai an tuna musu ba, amma saboda 'yan'uwa da ke karanta mu daga wasu ƙasashe bari in ɗan koma baya. Ranar 12 ga Maris aka sanar da mutum biyu na farko da suka kamu a ƙasar. Kafin a ce me, an hana taro, an rufe makarantu da masallatai da coci-coci, aka kuma rufe iyakoki ranar 22 ga Maris. Ranar 30 ga Maris dokar kulle ta fara aiki a Akra da Kumasi da kewayensu, ta yi mako 3, aka ɗage ta ranar 20 ga Afrilu. Babban limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, wanda a cikin watan ne ya cika shekara 101, ya roƙi jama'a su yi salla a gida su bi doka. Muka koma kasuwa da takunkumi a fuska, ga bokitin wanke hannu mai famfo a kowace ƙofa, muna ganin kamar mun haye. Ashe nawa kullen bai ma fara ba.

Da aka ɗauki samfurina aka ce in keɓe kaina har sakamako ya fito, sai na yi dariyar da ba ta daɗi ba. A Mamobi muke zaune, gidan haya mai ɗaki 12, famfo ɗaya, banɗaki ɗaya, tsakar gida ɗaya da kowa ke girki a ciki. Ni da uwargida da yara huɗu, ɗaki da falo. A ina zan keɓe? Allah Ya taimake ni wani abokin kasuwanci yana da gini a Malam, can kan hanyar Kasoa, bai gama ba, amma ɗaki ɗaya an yi rufi an sa ƙofa, akwai kuma banɗaki. Ma'aikatan lafiya suka amince in zauna a can tunda jikina bai yi tsanani ba, za su riƙa kira suna bibiya. Na ɗauki tabarma, buta, Alƙur'ani, cajar waya da littafin bashi, wanda ban san me ya sa na ɗauka ba, na shiga. Bayan 'yan kwanaki aka kira aka ce ina ɗauke da cutar. Kwana 19 na yi a ɗakin nan.

Zazzaɓi ya yi kwana huɗu, tari ya yi mako guda, kuma wallahi su ne masu sauƙin. Abin da ya fi ba ni wuya ba shi da suna a takardar likita.

Ku dubi yadda ɗan zango yake rayuwa. Tun daga asuba kana cikin mutane: sahun salla, mai koko da ƙosai, turereniya a trotro, gaisuwar da ba ta ƙarewa daga bakin titi har rumfa. Kafin azahar an kira ka Alhaji sau hamsin. Da daddare ga majalisar shayi, ana musun ƙwallo da siyasa har sha biyu. Mu da muka bar garuruwanmu, mutane ne gidanmu. Babu gona, babu gidan gado, sai dai wanda ya san ka da wanda zai tsaya maka. Ban taɓa lura ba, ashe tunda na zo Akra ban yi awa uku ni kaɗai ido biyu ba.

Ranar Laraba ta farko ita ta fara karya ni. Laraba ce ranar kasuwar Nima, ranar da ko ruwa ba ka samun sararin sha in ba azumi ba. Jikina ya tashe ni da ƙarfe huɗu, na yi alwala, na yi salla, na sa riga, har na laluba aljihu ina neman makullin rumfa. Sai na tsaya tsakiyar ɗaki da riga a jiki, babu inda za ni. Na kira yarona. Ya ce, "Alhaji, komai lafiya, ciniki ma ya fi na makon jiya." Ya kamata in yi murna. Maimakon haka sai na ji wani abu ya tokare min ƙirji. Kasuwa ta ci, an sauke kaya, an ɗora kaya, an yi dariya, ba tare da ni ba. Da ma ana cewa duniya kasuwa ce, amma ban taɓa jin maganar a jikina ba sai ranar.

Sannan waya ta fara yin shiru. Kwana biyun farko kira ya yi yawa, daga nan ya ragu. Ba na zargin kowa. Mutane suna tsoro, wasu kuma ba su san me za su ce ba. Amma labari ya iso min cewa a gidanmu an daina aiken yarana, wata maƙwabciya ta ɗauke murhunta daga kusa da namu, mai ruwan leda ya ce wa ɗana ya ajiye kuɗin a ƙasa. Na kwanta ina kallon silin da ba a gama ba, ina tambayar kaina: in aka cire rumfa, aka cire gaisuwa, aka cire sahun gaba a masallaci, aka cire hancin da nake taƙama da shi, wane ne ya rage a kan tabarmar nan? Ban sami amsa ba. Na kunna rediyo don in daina ji.

Dare ya fi muni. A Mamobi ba a yin shiru. Ko ƙarfe biyu za ka ji babur, ka ji kukan jariri, ka ji wani yana jan ruwa. A Malam kuwa, a wannan ginin, sai kukan kwaɗi da ƙarar manyan motoci daga nesa. Sai in riƙa ƙirga numfashina. In na yi tari in ce shi ke nan, ta sauka ƙirji. Na ji yadda ake binne waɗanda cutar ta kashe, ma'aikata cikin fararen kaya, dangi na tsaye daga nesa. Ni da na yi wa mutane da yawa wanka da sutura a zango, na ɗauki makara ba adadi, sai ga shi ina tunanin wa zai yi min. Kowane Musulmi yana faɗin mutuwa gaskiya ce, ni ma ina faɗi. Ashe faɗi daban, kwana da ita a ɗaki ɗaya daban.

A dare na takwas aka kira ni daga Kano. Kawuna ya rasu, ƙanin mahaifiyata, wanda ya kawo ni Akra ina saurayi, ya koya min awo da ciniki, ya tsaya min a aure, daga baya ya koma gida da tsufa ya kama shi. Lokacin ne Kano take cikin wannan mace-macen da ya ɗauke dattawa da yawa, gari a kulle, iyakoki a rufe. Ko da lafiyata ƙalau babu hanyar zuwa. Amma da ina Mamobi, ai da an shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, da mutane sun zo ɗaya bayan ɗaya sun ce Allah Ya jiƙansa, na ce amin, har bakina ya gaji zuciyata ta yi sanyi. A Malam babu wanda zan ce wa amin. Na yi kuka irin wanda rabona da shi tun ina yaro, kuma babu wanda ya ce in yi haƙuri.

Washegari ɗan ƙanwata ya kira. Yana karatun ilimin halayyar ɗan Adam a jami'ar Legon, an sallame su gida saboda annoba. Ya yi min gaisuwa, sannan ya ce, "Kawu, yaya zuciyar?" Ba a saba yi wa babba irin wannan tambayar ba, amma da yake babu kowa sai na faɗa masa gaskiya. Ya saurara har na gama, ya ce abin da nake ji ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba ne, har ma akwai masanan da suka yi nazarinsa. Ya ba ni labarin wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka, Irvin Yalom, wanda a littafinsa na 1980 ya ce akwai abubuwa huɗu da ke ƙarƙashin damuwar kowane mutum: sanin cewa zai mutu, sanin cewa zaɓin rayuwarsa a wuyansa yake, sanin cewa a can ƙasan zuciya shi kaɗai ne, da kuma tambayar ko rayuwarsa tana da wata ma'ana. Ya ce hidimar yau da kullum tana rufe su kamar yadda murfi ke rufe tukunya, keɓewar dole kuma ɗaga murfin take yi.

Na ce, "To ai duk huɗun suna nan ɗakin tare da ni, ko haya ba sa biya." Ya yi dariya, ni ma na yi, karo na farko cikin kwana tara.

Ya ƙara min da wani abu da ya zauna min. Ya ce shi wannan masanin ya raba kaɗaici gida uku. Akwai na rashin mutane kusa da kai, wanda ziyara ke maganinsa. Akwai na mutumin da ya yi nisa da kansa, bai ma san abin da yake ji ko yake so ba. Akwai kuma na ukun, wanda ko kana tsakiyar kasuwar Laraba yana nan: babu mai jin ciwonka a madadinka, babu mai mutuwa a madadinka. Na ce masa wannan na ukun ai tun muna makarantar allo aka gaya mana, kowa shi kaɗai zai shiga kabarinsa, shi kaɗai zai tsaya gaban Ubangijinsa. Ya ce, "Haka ne Kawu. Bambancin kawai, yanzu an ba ka ɗanɗano."

Amma wadda ta juya min tunani gaba ɗaya ba ta taɓa shiga aji ba. Gwaggona ce, yayar mahaifina, tana zaune a Sabon Zango, ta haura 80. Aka haɗa ni da ita a waya don ta yi min ta'aziyya. Na fara yi mata ƙorafi, kwana goma ban taka waje ba, bango huɗu sun ishe ni. Sai na ji tana dariya ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Kai ɗan nan, kwana goma? Na yi takaba sau biyu, wata huɗu da kwana goma kowanne. Na yi jego sau tara, kwana arba'in-arba'in. Auren fari kuwa a kulle na yi shi, shekara shida ban san kalar kasuwa ba. Ku maza yau kun ɗana, kuna ta ihu."

Na yi shiru, kunya ta kama ni. Kalmar nan da gwamnati da 'yan jarida suka ɗauko, kulle, ai a gidajenmu aka same ta, kuma ba mu maza muka san nauyinta ba. Na ce, "Gwaggo, to yaya kika yi?" Ta ce, "Takabar farko na yi ta kamar fursuna, kullum ina ƙirga kwana, na fito kamar tsumma. Ta biyu da na shiga sai na ce, tunda Allah Ya zaunar da ni, bari in zauna da niyya. Ɗaki ɗaya ne, kwanakin ɗaya ne, amma ba ni ɗaya ba ce. Kai ma ga goman ƙarshe na zuwa, masallatai a rufe, ba mai shiga itikafi bana. Kai an ba ka ɗaki kyauta kana kuka."

Ban ce zamana itikafi ne a shari'a ba, don malamai sun ce itikafi a masallaci ake yi. Amma na gane abin da take nufi. Mai halwa da ɗan kurkuku duk a ɗaki suke su kaɗai. Abin da ya raba su niyya ce. Ba ni na zaɓi cutar ba, ba ni na zaɓi ɗakin ba, amma yadda zan zauna a cikinsa an bar min. Da na gaya wa ɗan ƙanwata, sai ya ce Gwaggo ta faɗi abin da wani likita Bayahude ɗan Ostiriya, Viktor Frankl, ya fito da shi daga sansanonin 'yan Nazi, inda aka tsare shi daga 1942 zuwa 1945, aka kashe masa iyaye da mata. Abin da ya koyar bayan ya fito shi ne, ana iya ƙwace wa mutum komai, amma ba a iya ƙwace masa zaɓin yadda zai fuskanci abin da ya same shi, kuma wanda yake da wani dalili na rayuwa, ko wani da ke jiransa, ko aikin da bai gama ba, ya fi jure wuya. Ban haɗa ɗakina da abin da suka gani ba, Allah Ya kiyaye. Amma darasin ya yi min amfani.

Abu na farko da na canza shi ne yadda nake kallon zaman kansa. Da ina ganin an kore ni ne kamar kuturu. Sai na tuna koyarwar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa in annoba ta sauka a gari na ciki kada ya fita, na waje kada ya shiga, da yadda Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham lokacin annobar Amwas. Na tuna tsohuwar da ke ɗaki na uku a gidanmu mai ciwon suga, da surukina mai hawan jini. Ashe kowace rana da na yi a Malam, wani nake tsarewa. Zaman da na ɗauka wulaƙanci ne, aiki ne aka ba ni, kuma shi kaɗai ne aikin da zan iya yi wa zango a lokacin.

Na biyu, na yi wa ranar fasali. Bayan asuba karatu, izu biyu. Da hantsi in share ɗaki in wanke kayana, abin da rabona da yi tun kafin aure. In zaga ɗakin sau ɗari, ina taɓa kowace kusurwa. Rediyo sau biyu kawai a rana, don na lura yawan jin adadin waɗanda suka mutu yana hana ni barci. Azumin da na sha kwanakin zazzaɓi na daina jin kunyarsa. Rangwame ne Allah Ya yi wa marar lafiya, na rubuta adadin don in rama.

Na uku, bayan la'asar na zama malami. Autata tana da shekara 8, makarantar boko da ta allo duk a rufe. Sai uwarta ta riƙa ba ta waya, tana biya min karatunta ina gyara mata. A nan na gano yarinyar tana da in'ina kaɗan in ta tsorata, kuma tana tsorona. Shekara takwas muna ɗaki ɗaya ban sani ba, don ina fita tana barci, ina dawowa tana barci. Sai da aka raba mu da tafiyar awa guda a mota sannan na san 'yata. Wata rana da muka gama ta ce, "Baba, in ka warke ma za mu riƙa yi?" Na ce za mu riƙa yi. Na ajiye waya na daɗe ban motsa ba.

Na huɗu shi ne littafin bashi. Da tunanin mutuwa ya ƙi barina, sai na ce to bari in yi masa aiki maimakon in kwanta yana taka ni. Na buɗe littafin na bi shi layi-layi. Waɗanda nake bi, waɗanda suke bina, ajiyar mutane da ke hannuna wadda ko uwargida ba ta san da ita ba. Na rubuta komai dalla-dalla na ɗauki hoto na tura wa ƙanina. Akwai wani da muka yi shekara 6 ba ma gaisawa saboda kuɗin buhu uku na barkono. Na kira shi, ya ɗauka da sanyin murya. Na ce, "Malam, ni ne. Na yafe kuɗin nan, kai ma ka yafe min maganganun da na faɗa." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Alhaji, jikin ne ya yi tsanani?" Na ce a'a, sauƙi ma nake samu. Ya ce, "To Allah Ya ƙara sauƙi. Ni ma na daɗe ina son in kira." Daren ranar na yi barci har asuba, ban ƙirga numfashi ba.

Kada in sa ku ɗauka daga nan komai ya zama daɗi. Akwai ranakun da na jefar da fasalin na kwanta tun safe har magariba. Akwai ranar da na sa takalmi na kama ƙofa, na ce ko me za a yi sai na tafi gida. Abin da ya mayar da ni shi ne uwargida. Duk bayan kwana biyu takan shigo trotro daga Mamobi har Malam da kwanon tuwo da kunu, ta ajiye a kan bulo a bakin ƙofa, ta koma can jikin katanga ta tsaya. Na ce ta riƙa aiko yaro, ta ƙi. Ranar da na kama ƙofar, tana tsaye, ta ce, "Maigida, in ka fito yanzu, wahalar da muka sha ta kwana goma sha biyu ta tashi a banza. Koma ciki. Ina nan, ba inda za ni." Ta zauna a kan wani dutse, ni ina bakin taga, tsakaninmu ya kai taku goma. Ba mu yi wata hira ba. Ta yi kusan awa guda sannan ta tafi. Kaɗaicin nan na uku da yaron ya faɗa, ba ta iya ɗauke min shi ba, babu mai iyawa. Amma ta zauna kusa da shi tare da ni, kuma hakan ya isa.

Ranar Lahadi 24 ga Mayu aka yi ƙaramar Salla. Ba a je filin idi ba a ko'ina, kowa a gidansa ya yi. Na yi wanka, na sa sabuwar rigar da aka aiko min, na yi raka'a biyu ni kaɗai. Da na buɗe kwanon abincin Salla sai wani abu ya daki hancina, can nesa-nesa kamar ana kiran sunanka daga wani layi. Citta ce da kanumfari. Na sa fuskata cikin tururin ina shaƙa ina hawaye. Washegari aka kira aka ce gwaji ya nuna na warke, in koma gida.

Komawar ma da nata. Wasu sun rungume ni da baki daga nesa, wasu sun canza hanya da suka hango ni. Kusan wata guda wasu tsofaffin abokan ciniki suna wuce rumfata. Da a da ne, da na riƙe su a zuci. Amma na riga na san yadda tsoro yake, na kwana da shi, ban ga laifinsu sosai ba. Ranar Juma'a 5 ga Yuni aka buɗe masallatai, mutum bai wuce 100 ba, kowa da dardumarsa, tazara tsakanin sahu. Da liman ya yi sallama na juya dama na ga mutum, na juya hagu na ga mutum, wallahi ban taɓa sanin sallamar nan kyauta ce ba sai ranar. Kabarin Kawu kuwa sai bayan an buɗe iyakokin ƙasa a ƙarshen Maris na 2022 na samu na je na tsaya a kansa.

Abin da ya sa na rubuta wannan, korona ta wuce amma keɓewa ba ta wuce ba. A zangonninmu yanzu haka akwai mai tarin fuka da aka ware wa kwano, akwai matar da ke takaba a ɗaki ɗaya cikin gidan haya, akwai dattijon da shanyewar jiki ta kwantar, akwai ɗan'uwan da aka tsare a wata iyaka saboda takardu, akwai sabuwar amaryar da aka kawo daga Sakkwato ko Maraɗi ba ta san kowa ba, miji yana kasuwa tun safe. Mun iya kai abinci, Allah Ya sani mun iya. Abin da muke mantawa shi ne wanda ke ciki ba yunwa kaɗai ke damunsa ba. Yana tambayar kansa ko har yanzu shi mutum ne a wurinmu.

In kana da irin wannan, kira shi ko ba ka da abin faɗi, kuma kada ka daina bayan kwana biyu. Mako na biyu ya fi na farko nauyi. Nemi shawararsa a kan wani abu, farashin kaya ko rikicin yara, don ya san har yanzu ana buƙatarsa. In ya ce yana tsoron mutuwa kada ka rufe masa baki da cewa ya daina faɗin haka. Saurara tukuna, addu'a ta biyo baya. In ka ga ya daina ci, ya daina barci, ko yana maganar gara ya mutu, a nemi likita, ba abin kunya ba ne. In kuwa kai ne a ciki, ɗaura niyya, yi wa ranarka fasali, nemi wani ƙaramin abu da za ka yi wa wani daga inda kake.

Har yanzu ni da auta muna karatun la'asar, sai dai yanzu a rumfa, tana zaune a kan buhun citta. In an yi kiran salla nakan rufe da wuri, abokai suna tsokanata wai Alhaji ya tsufa. Gwaggo ta rasu bara, Allah Ya jiƙanta da Kawu da dukkan waɗanda annobar ta ɗauka a Akra da Kano da ko'ina. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa mu zama masu leƙa na cikin ɗaki tun kafin a ce da mu mu shiga.